Kuɗin da aka raba kyauta a Aisland, da abin da fiƙihu ke gani a cikinsa

 Ya ku ƴan'uwa, tambayoyi sun yawaita gare mu a ƙofar masallaci a kan kuɗin nan na intanet da matasa ke kira kirifto, waɗanda ba a riƙe su a hannu, sai dai a ga adadinsu cikin salula. Kafin mu taɓa hukunci, mun ga ya fi kyau mu kawo labarin ɗaya daga cikinsu tun daga tashinsa har faɗuwarsa, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa.

Aisland tsibiri ne can arewacin tekun Atalantika, ƙasar sanyi da kamun kifi, mutanenta a lokacin da muke magana wajen 330,000 ne, ba su kai rabin mutanen Yamai ba. A watan Oktoba na 2008 manyan bankunanta guda uku suka rushe, kuɗin ƙasar mai suna kurona ya zubar da kusan rabin darajarsa. Duk wanda ya shaida karyar darajar sefa a Janairun 1994 ya san irin wannan zafi. Sa'an nan gwamnati ta ƙuntata canja kurona da fitar da kuɗi waje, mutane suka ji kamar an kulle musu dukiyarsu cikin ɗaki.

A cikin wannan hali ne, a farkon 2014, wani mutum da ya ɓoye sunansa na gaskiya, ya ari sunayen gumakan kakanninsu na dā ya sa wa kansa, ya fito da kuɗin da ya kira Auroracoin. Irin wannan kuɗi ba komi ba ne illa littafin lissafi wanda kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, kowa na ganin abin da ya shiga da abin da ya fita, babu banki a tsakani. An ƙayyade adadinsa gaba ɗaya ƙwara miliyan 21. Rabin wannan, wato miliyan 10 da rabi, ya keɓe domin a raba wa ƴan ƙasa kyauta, kowane mutum ƙwara 31.8, ta hanyar lambar shaidar ɗan ƙasa. Manufar da ya bayyana ita ce jama'a su sami kuɗin kansu wanda ba ya hannun bankunan da suka cuce su.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Tun ba a raba ko ƙwara guda ba, ƴan kasuwar intanet na ƙasashen waje suka yi ta sayen ɗan abin da ya riga ya fito, suna fatan farashi zai hau. A farkon watan Maris na 2014 ƙwara guda ta kusanci dala 100, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Sai masu lissafi suka ɗauki wannan farashi suka ninka shi da dukan ƙwarorin da ke ajiye, suka ce ga ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen kirifto na duniya. Alhali a lokacin mutanen da aka yi kuɗin dominsu ba su taɓa sayen ko kifi guda da shi ba. Kamar mutum ya sayar da tiya guda ta hatsi da tsada a lokacin bazara, sa'an nan ya yi wa rumbunan gari duka kuɗi a kan wannan farashi.

Babban Bankin ƙasar ya gargaɗi jama'a. Ranar 25 ga Maris aka buɗe rabo, farashi kuwa ya riga ya sauko zuwa wajen dala 12. Da yawa cikin waɗanda suka karɓa ba su tsaya wata-wata ba, suka sayar, kuma ba mu ga laifinsu ba: wanda aka ba abin da mai shago ba ya karɓa, me zai yi da shi in ba ya mai da shi abin da ake karɓa ba? A zagayen farko na wata huɗu mutum wajen 35,000 ne kawai suka karɓi rabonsu, kusan ɗaya cikin goma. A zagaye na biyu aka ɗaga rabon zuwa ƙwara 318, a na uku zuwa 636, amma masu zuwa karɓa sai raguwa suke yi. Kafin shekarar ta ƙare ƙwara guda ba ta kai ko kusa da dala ɗaya ba. A 2015 wasu ƴan ƙasar suka kafa gidauniya domin su raya shi, ba su iya mai da shi kuɗin kasuwa ba. A 2017 gwamnati da kanta ta ɗage mafi yawan takunkumin nan.

Yanzu mu dubi abin da idon fiƙihu. Da farko, ba don ba zinariya ba ne ko azurfa ya faɗi. An ruwaito a cikin Mudawwana cewa Imamu Malik, Allah shi yi masa rahama, ya nuna ko da fata ce mutane suka yarda da ita tana gudana tsakaninsu a matsayin kuɗi, to hukuncin canjin kuɗi zai hau kanta. Kakanninmu kuma da ɗiyan wuri suka yi ciniki a Damagaram da Katsina da Kano. Abin lura shi ne gudana tsakanin mutane, wanda malamai ke kira rawaji. Wuri ya samu wannan, domin mai gishiri da mai goro da mai tufafi duk suna karɓa. Auroracoin bai samu ba, kuma rabon kyauta bai iya haifar da shi ba.

Na biyu, dole mu rarrabe tsakanin wanda aka ba da wanda ya saya. A mazhabarmu ta Malikiyya rashin sanin ƙimar abu ba ya ɓata kyauta, domin wanda aka ba bai fitar da komi daga aljihunsa ba. Imamu Ƙarafi ya yi bayanin wannan a cikin littafinsa Alfuruƙu. Amma wanda ya ba da dala 90 a kan abin da bai san mai shi ba, bai san ko za a karɓe shi a kasuwa ba, ba shi da wata madogara sai fatan wani zai zo ya saya da tsada fiye da shi, wannan ya faɗa cikin garari, cinikin da ba a san ƙarshensa ba, wanda hani ya tabbata a kansa cikin Sahihu Muslim. A ganinmu ya fi kusa da caca bisa ga kasuwanci, domin ribar wanda ya fita da wuri daga aljihun wanda ya makara take fitowa.

Ba mu ce kowane kirifto haka yake ba. Malaman zamani sun saɓa: Darul Ifta ta Masar ta haramta mu'amala da Bitcoin a ƙarshen 2017, wasu kuma sun halatta da sharuɗɗa. Tambayar da wani ɗan'uwa ya yi a kan zakkar irin wannan dukiya, za mu kawo ta a fitowa ta gaba in Allah ya so.