Lokacin da Ingila ta Tsorata da Littattafanta

Filin adabi na wannan fitowar zai kai mu Ingila ta wajajen 1860, zamanin Sarauniya Victoria, lokacin da wasu ƙagaggun labarai suka hana mutane barci, har limaman coci da manyan masana suka tashi haiƙan suna sukarsu. Turawa suna kiran irin waɗannan littattafai sensation novels. Mu a nan sai mu ce labaran faɗuwar gaba, domin abin da marubutansu suke nema ke nan: gabanka ya faɗi, tsikar jikinka ta tashi, ka kasa ajiye littafin.

Littattafai uku ne suka buɗe wannan fage, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne The Woman in White na Wilkie Collins, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi duk mako a mujallar Charles Dickens mai suna All the Year Round, daga Nuwamba 1859 zuwa Agusta 1860. Sai East Lynne na Ellen Wood a 1861, sannan Lady Audley’s Secret na Mary Elizabeth Braddon a 1862. Ku lura, biyu daga cikin marubutan nan uku mata ne.

Labaran ban tsoro sun daɗe a Ingila kafin wannan lokaci. Tun 1794 Ann Radcliffe ta rubuta The Mysteries of Udolpho, amma a irin waɗancan labarai, mugun abu yana faruwa ne can nesa, a wani tsohon gini a duwatsun Italiya, a wani zamani da ya shuɗe. Mai karatu zai ji tsoro, ya rufe littafi, ya kwanta hankalinsa kwance, tunda abin bai shafe shi ba. Collins da abokan tafiyarsa sai suka ɗauko tsoron nan suka shigo da shi cikin gida. Gidan mutunci ne, na mai kuɗi, a cikin Ingila, a zamanin da ake ciki, mutanen labarin suna hawa jirgin ƙasa suna aika wasiƙa kamar kowa. Mugun kuwa yana iya zama mijin da ke gaishe ki da fara’a, ko amaryar da kowa ke yabon kunyarta.

Mu ɗan tsaya a kan The Woman in White, don shi ne ya fi nuna inda labaran nan suka samo ƙarfinsu. Wani matashi malamin zane, Walter Hartright, yana tafiya da tsakar dare a hanyar Landan, sai ya gamu da wata mace sanye da fararen kaya. Ashe gudowa ta yi daga gidan mahaukata. Sunanta Anne Catherick, kuma tana da kama sosai da wata yarinya mai gado, Laura Fairlie. Laura ta auri Sir Percival Glyde, mutum mai sarauta wanda bashi ya yi wa katutu, idonsa kuma yana kan fam 20,000 na matarsa. Da ta ƙi sa hannu a takardar da ba a bari ta karanta ba, sai shi da abokinsa Count Fosco suka ƙulla makirci. Anne, wadda dama ba ta da lafiya, ta mutu aka binne ta da sunan Laura. Ita kuwa Laura aka kai ta gidan mahaukata da sunan Anne. Duk lokacin da ta ce ita ce Laura, sai a ɗauka haukan ne yake magana.

Wani zai ce wannan ai tatsuniya ce. To, masu karatu na wancan zamani sun san ba haka ba ne. A dokar Ingila ta lokacin, da zarar mace ta yi aure, kuɗinta da abin da take samu sun zama na mijinta, sai dai idan danginta sun sa lauya ya tsare mata dukiyar da takarda kafin ɗaurin aure. Kai mutum gidan mahaukata mai zaman kansa kuma bai wuce buƙatar wani ya nema a rubuce, likitoci biyu su sa hannu. A 1858, shekara guda kafin labarin ya fara fitowa, shahararren marubuci kuma ɗan siyasa Edward Bulwer-Lytton ya sa an tsare matarsa Rosina a irin wannan gida bayan ta kunyata shi a bainar jama’a. Sai da jaridu suka yi ca aka sake ta bayan ’yan makonni. Saboda haka matar da ke karanta labarin Laura ta san ƙofar da aka bi aka zalunci Laura a buɗe take a gidanta ma.

Haka batun saki. Kafin 1857, duk wanda yake son ya rabu da matarsa ya sake aure sai majalisar dokoki ta yi masa doka ta musamman, abin da sai attajiri ke iyawa. A 1857 aka kafa kotun saki. Ko a nan ma ba a daidaita ba: miji ya tabbatar da cin amanar matarsa kawai ya wadatar, ita kuwa mace sai ta haɗa da wani laifin, kamar azabtarwa ko ƙaurace mata. Jaridu suka shiga kwaso asirin gidaje daga kotun nan suna bazawa. Ku tuna kuma a Ingila auren mutum biyu a lokaci guda laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, namiji ne ko mace. Wannan ya sa ɓoyayyen aure ya zama jarin marubutan nan.

A kansa Braddon ta gina Lady Audley’s Secret. Mijin Helen ya tafi Ostareliya neman zinariya ya bar ta da jariri da talauci. Ta sauya suna, ta auri dattijo mai dukiya, Sir Michael Audley. Da mijin farko ya dawo, sai ta tura shi cikin tsohuwar rijiya. Abin da ya girgiza masu karatu shi ne siffarta. Kyakkyawa ce, mai fara’a da sanyin murya, irin matar da littattafan da suka gabata suke nunawa a matsayin abar koyi. A ƙarshe an kai ta gidan mahaukata a Beljiyam, kuma har yau masana suna gardama: hauka gare ta, ko kuwa dangin mijin ne suka ga kiranta mahaukaciya ya fi musu sauƙi da a kai sunan gidansu kotu? Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Ta ina littattafan suka kai ga jama’a haka? Sabon littafi mai juzu’i uku sule 31 da sisi ne, kuɗin da ya fi ƙarfin ma’aikaci. Amma mujallar Dickens kwabo biyu ce. Akwai laburaren haya na Mudie, inda gini ɗaya, wato sule 21, ke ba ka damar aron littattafai shekara guda. Kamfanin W. H. Smith ya fara buɗe rumfunan littattafai a tashoshin jirgin ƙasa tun 1848, sannan a 1861 gwamnati ta soke harajin takarda. Bugawa kashi-kashi kuma ta koya wa marubuta su yanke labari a daidai inda ya ɗau zafi, don a sayi fitowa ta gaba.

Manya ba su ji daɗi ba. A 1863 Henry Mansel, malami a jami’ar Oxford, ya rubuta doguwar suka a mujallar Quarterly Review, yana ganin littattafan haja ce kawai ta kasuwa, suna motsa jijiya suna barin hankali. Babban limamin cocin York ma ya soke su a bainar jama’a. Wani mai sharhi ya yi ƙorafin cewa Braddon ta sa abin da ’yan aiki ke karantawa a kicin ya zama abin karatun iyayen gida a falo. Babban tsoronsu shi ne ’yan mata, kada su karanta su lalace. Duk wanda ya san cece-ku-cen da aka yi a kan littattafan soyayya na Kano ba zai ji wannan zargi baƙo a kunnensa ba.

Zafin yayin ya lafa a shekarun 1870, amma ya bar ’ya’ya. A 1860 an kashe wani yaro ɗan shekara uku a gidan iyayensa a ƙauyen Road, kuma ɗan sandan ciki Jonathan Whicher ya zargi yayar yaron, Constance Kent, mai shekara 16. Jama’a suka yi masa ca, sai a 1865 ta amsa laifin da bakinta. Collins ya ari wasu abubuwa daga wannan shari’a ya sa a The Moonstone na 1868, labarin wani lu’ulu’u da aka kwaso daga Indiya ya ɓace a gidan masu hali, da ɗan sanda Saja Cuff da aka kira ya bincika. Mawaƙi T. S. Eliot ya ɗauke shi a matsayin farkon littafin binciken laifi na Ingilishi. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Sherlock Holmes a 1887, da labaran Agatha Christie, inda kusan kullum mai laifin ɗan gida ne. Dokar ma ta motsa: a 1870 matar aure ta sami ikon riƙe abin da ta samu da guminta, a 1882 kuma ta sami ikon mallakar dukiyarta baki ɗaya, bayan gwagwarmayar shekaru da mata suka yi.

Littattafan nan duka sun tsufa har ana samunsu kyauta a intanet. Mai son gwadawa ya fara da The Woman in White. Yana da tsawo, Turancinsa kuma na da ne, don haka a ajiye ƙamus kusa. Collins ya tsara shi kamar shari’a, mutane daban-daban suna ba da shaidar abin da suka gani ɗaya bayan ɗaya, har da mai dafa abinci. Idan kun kai kan littafin sirrin Marian Halcombe, yayar Laura, wadda ta hau rufin baranda cikin ruwan sama don ta saurari makircin mazan nan biyu, ku kula da wanda ya rubuta shafinsa na ƙarshe.