Ƙafa Tana da Wa'adi

Ɗana, mahaifinka ya roƙe ni in sa baki ka bar gudu, na ce masa ba zan iya ba. Baiwa ce Allah ya yi maka, kuma ban ga aibun yaron da zai idar da sallar asuba ya ɗaura takalmi ya bi burtali, ya je Dambatta ya dawo kafin mata su sauke koko ba. Tsaranka nawa ne ke barci a wannan lokacin, su tashi da hantsi su nufi majalisa? Sai dai tunda ka fara zancen zuwa Kaduna da Jos da Legas, har kana cewa gudun ne sana'arka, ya zama wajibi in zaunar da kai. Ranar da za ka ci tsere ba ta dame ni ba, masu tafi za su ishe ka. Ranar da gwiwa za ta ce ta gaji, kana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ga mata ga 'ya'ya, ita nake so mu yi wa shiri tun yau.

Ka fara da sanin filin da ka shiga. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da ɗoriya, kusan tafiyar Kano zuwa Bichi. A 1990, a Legas, Abbas Mohammed ya cinye wannan nisa cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, aka shafe fiye da shekara talatin babu ɗan Najeriyar da ya karya masa tarihi. Shi kuwa Haile Gebrselassie na Habasha, a Balin ta Jamus a 2008, awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59 ya yi. Ka ga tazarar. Mutanen Habasha da Kenya a kan tsaunuka suke tashi. Eldoret ta Kenya ta haura mita 2,000 bisa teku, iskar can ba ta da kauri, jini yakan saba da ɗaukar iska da yawa, mu kuwa Kano ba mu kai mita 500 ba, ga zafin bazara. Shi ya sa ko a gida 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, suka fi kowa dogon gudu. Tun da aka fara tseren birnin Legas a 2016, da kyautar dala 50,000 ga na ɗaya, 'yan asalin Kenya da Habasha ke kwashe babban rabon. Ba don in karya maka gwiwa na kawo wannan ba. So nake ka yi lissafi da idonka a buɗe, domin kuɗin da ɗan tseren ƙasar nan ke samu ba ya kai abin da ake zuzutawa a gari, kuma ba kullum yake zuwa ba.

Akwai mutumin da nake so ka riƙe labarinsa, Sunday Bada. A Kaduna aka haife shi a 1969, gwanin mita 400 ne. A 1997 ya zama zakaran duniya a gasar rufaffen fili da aka yi a Faris. A Olamfik ta Sidni, shekarar 2000, shi da Clement Chukwu da Jude Monye da Enefiok Udo-Obong suka zo na biyu a gudun miƙa sanda, Amurka na gabansu, aka rataya musu azurfa. Bayan shekaru ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da haramtaccen magani, aka ƙwace zinaren. Amma sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya da shi, Bada kuwa ya riga ya rasu a Disambar 2011, a Legas, yana da shekara 42. Ya yi gudun zinare, bai taɓa riƙe shi a hannu ba. To me ya ci da iyalinsa duk waɗannan shekaru? Ɗan sanda ne, yana da albashi da muƙami, kuma da ya ajiye takalmi sai hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa ta ba shi jagorancin ɓangaren horo. Haka Chioma Ajunwa, wadda ta ciwo zinaren dogon tsalle a Atlanta a 1996: gidan da aka yi mata alkawari a Legas sai 2021 ya zo hannunta, shekara 25 ke nan, aikin ɗan sanda ne ya riƙe ta har ta zama babbar jami'a. Idan an yi maka alkawari a kan mumbari, ka yi godiya, ka yi murmushi a ɗauki hoto, amma kada ka ci bashi a kansa.

Don haka idan soja ko 'yan sanda ko kwastan suka ga ƙafarka suka ce za su ɗauke ka, kada ka raina. Manyan da kake jin sunansu da yawa ta nan suka bi. Abebe Bikila, wanda ya ci tseren Rum ba takalmi a 1960, dogarin Sarkin Habasha ne, Kipchoge Keino na Kenya kuma ɗan sanda. Wajen cike takarda ka rubuta shekarunka na gaskiya. Na san ana ragewa don a shiga gasar yara, amma ƙarya ce da za ta bi ka har ranar da takardunka za su saɓa wa juna a gaban mai ɗaukar aiki.

Na ji ka ce wa mahaifiyarka idan gudu ya ƙare sai ka dawo gona. Wace gonar? Ka tsaya ka dubi ƙasarmu da kyau. Daga nan har Minjibir da Ungogo babu saura, babu dajin da za a sare, gona na manne da gona, iyakar ma layin gamba ne ko 'yar bishiyar kuka. Ƙasar ba ta hutawa, taki ne ke riƙe da ita. Kakanninka da jakai suke kai itace birni su dawo da mangala cike da taki, yau kuma kai ma ka sha ɗaukar kashin awaki a buhu kana zubawa tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Ka tuna ranar da aka raba gadon kakanka: aka zo da igiya, malam na lissafi, dattawa na kafa turaku, gonar da ta ciyar da gida guda ta koma 'yan falle-falle, kowane da ƙyar zai ba da damin geron da zai kai iyali bazara. Fallen mahaifinka shi za a sake rabawa tsakaninka da 'yan'uwanka. Gonar da za ka dawo mata sai wadda ka saya da guminka. Saboda haka kuɗin farko mai kauri da ya shigo hannunka, kafin babur, kafin babbar waya, ka nemi fili, ko da ɗan fegi ne a bakin dam ɗin Tomas inda ake noman rani. Ka sa shaidu, mai unguwa da dagaci su sa hannu. Abin da ya ragu ka sayi tumaki ka bar wa mahaifiyarka ta yi maka kiwo. Keino da ya bar gudu gona ya kama kusa da Eldoret, shi da matarsa suka riƙa renon marayu a can har suka gina makaranta. Haile ya zuba nasa a otal-otal da gonar kofi da cinikin motoci. Samuel Wanjiru kuwa ya ci zinaren Beijin a 2008 yana da shekara 21, kuɗi suka zo masa kafin hankali ya gama zama, rigingimu suka yi yawa, a 2011 ya faɗo daga bene a gidansa ya mutu. Allah ya kiyashe ka.

Mu ma nan muna da abin koyi. 'Yan damben da, yawancinsu mahauta ne. Da kaka ake dambe, idan an gama kowa ya koma kan fawarsa, ranar da hannu ya mutu wuƙa na nan tana jira. Ba su taɓa sakin sana'ar gida don kirarin makaɗi ba.

Sai maganar ƙwaya, kuma a nan ba na sassautawa. Kowa ya san abin da samari ke haɗiya kafin su shiga aikin gayya ko lodin yashi. Tiramadol tun farkon 2024 yana cikin abubuwan da aka haramta wa ɗan wasa a lokacin gasa, kuma dokar ba ta jin "ban sani ba": abin da aka samu a fitsarinka kai ne da alhakinsa, ko mai kyamis ne ya haɗa maka, ko koci ne ya miƙo. Abraham Kiptum, wanda ya ci tseren Legas a 2016 da 2017, har tarihin duniya ya kafa a rabin fanfalaki a 2018. Shekara na zagayowa gwajin jini ya tona shi, aka dakatar da shi shekara huɗu, aka goge tarihin. Duk maganin da za ka sha, ko na mura ne, ka nuna wa likitan tawaga, ka ajiye kwalinsa. Ciwo kuma idan ya zo ka huta masa. Wanda ya danne ciwon agara da allura don tsere ɗaya, sau da yawa da ɗingishi yake biya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Ranar da ka daina, jiki zai ci gaba da tashinka da asuba, ba ka da inda za ka. Waya za ta yi shiru, waɗanda ke kiranka zakara su koma wajen sabon yaro. Wasu a nan suke lalacewa, tumbi ya fito, zuciya ta ƙuntata, su zauna gindin bishiya suna ba da labarin tseren da kowa ya gaji da ji. Maganinsa shi ne a samu abin da kake tashi dominsa tun kafin ranar ta zo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantun firamarenmu cike suke da yaran da ke gudu ba takalmi a kan ƙaya, babu mai riƙe musu agogo. Wanda ya san yadda ake jan numfashi a kilomita na talatin yana da abin koyarwa, amma ba za a ba shi aji ko tawaga ba sai da takarda. Jami'ar Bayero na da sashen ilimin motsa jiki da lafiya, akwai cibiyar horar da masu koyar da wasanni ta ƙasa a Legas, ga kwalejin horar da malamai a Bichi, idan kuma noman ne ya fi kwanta maka, kwalejin Audu Bako na nan Dambatta, da ƙafa ma kana zuwa.

Ka je tserenka na Jos, na riga na shawo kan mahaifinka, kuɗin mota ma ni zan ba ka. Sharaɗina ɗaya ne: idan ka dawo ka zo min da sakamakon jarrabawarka ta sakandare, mu zauna mu ga darussan da suka rage maka, ka sake rubuta su bana. Kuma ka shiga ka yi wa mahaifiyarka sallama da kanka kafin ka tafi, kada ka aika ƙaninka. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.