DARASI: Abin Da Ke Kada Saniya Bayan An Sauke Ta A Duwala

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata asara ce da duk wanda ya daɗe yana kawo shanu Duwala ya sani, in ba ta same shi ba to ta sami maƙwabcinsa a kara. An loda dabba lafiya lau a Ngaundere, ta iso a tsaye, an sauke ta, ta sha ruwa, sai can da yamma ko washegari a ga tana tangaɗi kamar mai maye, tana cizon haƙora, jikinta na ɓari, daga nan ta kife tana shure-shure. Idan labari ya iso zaurukan masu masauki a New Bell, wannan ya ce farfaɗiya ce, wancan ya ce iska ta buge ta a hanya, wani ma ya fara zargin abokin ciniki da sammu. Kafin a gama gardama an ɗauko wuƙa, an sallama wa mahauci a wulaƙance.

To, likitocin dabbobi sun daɗe da sanin wannan ciwo. Turawa ma ciwon jirgin ƙasa suka raɗa masa, domin a shanun da aka yi doguwar tafiya da su cikin tarago aka fi ganinsa. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, kuma ba ya tsallakawa daga wata dabba zuwa wata. Wahalar hanya ce da yunwa da ƙishirwa, sai kuma irin tarbar da mu kanmu muke yi wa dabba in ta sauka.

Ku dubi hanyar tamu. Kafin layin dogo ya isa Ngaundere a 1974, da ƙafa ake koro shanu zuwa kudu, makonni ana tafe, amma saniya tana kiwo tana shan ruwa kullum. Ramewa take yi, tumbinta dai bai tsaya da aiki ba. Yanzu fa, ko a taragon Camrail, wanda ke riƙe da layin tun 1999, ko a babbar mota, kusan kilomita 900 ne daga Ngaundere zuwa Duwala, dabba na tsaye a matse, ba ci ba sha, kuma da wuya a gama tafiyar a kwana guda. Wadda ta fito daga Cadi ko kasuwar Adumri kuwa ta riga ta sha nata kafin ma ta ga tasha. Sannan ga sauyin ƙasa. Ngaundere tudu ce, ta haura mita 1,000 daga teku, da sanyinta da busasshiyar iska. Duwala kuwa bakin ruwa ce, zafi da gumi, iskar ma nauyi gare ta. Mutum da ke zaune a inuwa yana jin jiki, balle gudali mai kitse da ya kwana a tsaye.

Ga yadda abin ke faruwa a cikin jiki. A jinin dabba akwai sinadarai biyu, kalshiyam da maganiziyam, su ne ke riƙe da jijiyoyi da tsoka su yi aiki daidai. Kalshiyam yana da ma'aji a ƙashi, amma jiki ba ya iya ɗebo shi da gaggawa. Maganiziyam kuwa kusan kullum sai an samo shi daga abin da ke cikin tumbi. Idan saniya ta wuce awa 24 ba ta ci ba, tumbi ya yi sanyi, ta daina tuƙa, sai waɗannan sinadarai su ragu a jini. Da sun ragu, jijiyoyi su shiga harbawa ba bisa ƙa'ida ba. Shi ne rawar jikin nan, da ƙagewar muƙamuƙi, da shure-shuren da muke gani. Yakan fito tun a hanya, ko cikin kwana biyu da sauka.

Wadda ta fi shiga haɗari ita ce saniya mai tsohon ciki, musamman mai jiki, domin ɗan da ke cikinta yana jan nasa rabon daga jininta. Sau da yawa ma har ɓari take yi. Bayanta sai mai shayarwa, amma bijimai da shanun turka ba su tsira ba. Masu kawo tumaki New Bell gab da Layya su ma su saurara, tunkiya mai ciki haka take faɗuwa. A ganina mai tsohon ciki ba kayan lodi ba ce ko kaɗan, komai arhar da aka samu a kanta.

Wani zai yi mamaki a ce firgita da gajiya kaɗai su kada dabba. Ba a shanu kaɗai ba ne. Alade ba harkarmu ba ce, amma a kansa masana suka fi nazarin wannan al'amari: akwai irin da in aka matsa masa wajen lodi sai jikinsa ya sanƙare, ya yi zafi, ya mutu nan take, kuma a 1991 aka gano a Kanada ainihin ƙwayar gādon da ke jawo hakan. A Amurka ma, inda wasu ke ajiye ƙananan aladu masu tumbi a gida kamar kyanwa, 'ya'yan sukan yi ihu ƙafafun baya su lanƙwashe bayan wata firgita, su warware cikin kwana biyu ko uku. Tamu saniyar dai ba ta da wannan sa'a. In ta kwanta ba a yi mata magani ba, yawanci kwana uku ko huɗu ne.

Yanzu ga inda hannunmu yake. Al'adarmu ce mu cika wa dabba ciki da dusa da angurya ranar lodi, wai guzuri. Wannan guzuri shi ke fara ɓata tumbi. Abin da ya dace, kwana biyu ko uku kafin tafiya a rage abinci mai nauyi, a koma kan busasshiyar ciyawa da harawa, a shayar da ita sosai kafin ta hau. A hanya, duk inda aka sami tsayawa mai tsawo, yaron da ke rakiya ya ba da ruwa da 'yar ciyawa, kada ya zauna shan shayi kawai. Amurka tun 1873 ta kafa dokar cewa ba a wuce awa 28 da dabba a jirgi ba tare da an sauke ta ta ci ta sha ta huta awa biyar ba. Mu da ba mai tilasta mana, aljihunmu ne zai tilasta mana.

Amma babban kuskure a wurin sauka ake yinsa, kuma tausayi ne ke jawo shi. Ka ga dabbarka ta iso wujiga-wujiga, sai ka sake ta a kan kwami ta sha har cikinta ya yi tulu, sannan yara su kora ta da sanda cikin rana zuwa kara a Bonaberi don kada kasuwa ta wuce. Shan ruwa ba iyaka da tafiya nan da nan, su biyun nan an tabbatar suna tayar da ciwon. Ka fara ba ta busasshiyar ciyawa. Ruwa kuwa kaɗan-kaɗan, a ba ta a janye, a jima a ƙara, haka har kwana guda. A sa ta inuwa, a bar ta ta huta kwana biyu in da hali. Na san kuɗin ciyawa da na masauki a Duwala ba wasa ba ne, kuma mai bashi yana jira a arewa, amma ka auna shi da kuɗin sa guda.

In kuwa ta riga ta faɗi, a daina ihu a kanta, a daina murɗa mata wutsiya don ta tashi, domin hayaniya ƙara tayar da shure-shuren take. A yi mata inuwa, a tokare ta ta kwanta a kan ƙirji don kada ciki ya kumbura. Kada a yi mata ɗura da kanwa ko jiƙo. Kanwa ba ta maganin wannan, kuma dabbar da muƙamuƙinta ya ƙage ba ta iya haɗiya, ruwan huhu zai wuce. A kira likitan dabbobi maza. Maganin ruwan kalshiyam ne da maganiziyam ta jijiya, kuma a hankali ake sa shi, in aka yi sauri zuciya tsayawa take. Saboda haka ba aikin yaron kara ba ne, ko da ya iya allura. Wadda aka cim ma da wuri ta fi samun tashi, wadda ta daɗe a kwance har ta fita hayyacinta da wuya ta dawo.

Sai dai fa ba kowace mai shure-shure ce ke da ciwon hanya ba, kuma a nan ne gaggawar wuƙa ke da haɗari. Akwai ciwon da kaska mai zane ke kawowa, wanda ke tara ruwa a jakar zuciya: zazzaɓi mai zafi, dabba na ɗaga ƙafa sama-sama tana kewaya wuri guda, maganinsa kuma daban ne. Akwai gubar maganin kaska in an dama shi da kauri, za ka ga dalala da zawo, ƙwayar ido ta tsuke. Akwai haukar kare, wadda ke kama mutum ta yawun dabba, don haka kada kowa ya cusa hannu a bakin saniyar da ke dalala wai yana neman abin da ya maƙale. Wadda kuma ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura bai daskarewa, a ɗauka ciwon saifa ne, ba a yanka ta, ba a feɗe ta, hukumar dabbobi ake kira.

Ko wadda ba ta faɗi ba, in an yanka ta a gajiye naman yakan fito baƙi-baƙi, ya bushe a hannu, kuma ba ya jimawa a tebur, balle a zafin Duwala. Mahautan da ke ɗauko nama daga abatuwar SODEPA ta Bonaberi sun san shi da ido, kuma sun san shanun wane ne suka fi zuwa da shi.