GUGUWAR RANA: KAFIN KA TURA, KA BINCIKA

Jiya bayan Isha'i wani dattijo a nan Illo ya ce min: "Malam, an turo wa yarona saƙo wai guguwar rana za ta ƙone wayoyi, wai Alƙiyama ta zo."

'Yan'uwa, kullum rana tana feso ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, suna gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa. Allah Ya kewaye duniyarmu da garkuwar maganaɗisu mai kawar da mafi yawansu. Waɗanda suka kutso sukan yi karo da iskar can sama, sai haske kore ko ja ya bayyana a ƙasashen ƙurewar arewa da kudu. Wannan iskar ta sama ce ke dawo mana da muryar rediyon gajeren zango, shi ya sa in ta hargitse tasha kan ɗauke.

Abin yakan tsananta. A Maris 1989 ya kashe wutar Kibek ta Kanada awa 9. A Mayu 2024 an yi wata babba, ga mu nan lafiya, ga wayoyinmu. Duniyar Mars kuwa, Mirrikh da Larabci, ba ta da irin garkuwarmu, iskar rana ta kwashe yawancin iskarta.

Ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) an yi husufin rana, sai ya hana a danganta shi da mutuwar. Ayar Allah ta tunani ce da godiya, ba ta jita-jita ba. Sanin Sa'a na Allah ne kaɗai.

Wallahu a'alam.