Amsoshin Tambayoyinku: Me ke sa kan babur mai ƙafa uku ya yi tauri?

Wani mai sauraronmu daga Dambatta ya ce kan babur ɗinsa mai ƙafa uku, wanda yake ɗebo amfanin gona da shi, ya ƙage. To Malam, ka fara biyawa wurin mai faci, domin tayar gaba in ta rasa iska takan shimfiɗe a rairayi ta riƙe kai. In iska ta cika, ka ɗaga gaban da jak ka juya kan hagu da dama. Idan ka ji gurzawa, ko yana maƙalewa a tsakiya, laifin boris ɗin wuya ne: ƙurar hunturu da ruwan damina sun shiga, giris ya daskare.

Wasu za su ce a sassauta notin wuyan kawai, ai ya fi araha. Haka ne, kai zai saki, amma zai riƙa rawa in ka taka birki da lodi, kuma a hanyar burji wannan ganganci ne. Baƙin mai da wasu ke zubawa a wuyan kuwa zubewa yake yi, ya bar ƙura manne. Maganin shi ne bakanike ya kwance wuyan, ya wanke da kananzir, ya cusa sabon giris. In mazaunin boris ya yi ramuka, a canja shi tare da boris ɗin.