Darasin Turanci: Tarkon da Hausa Ke Ɗana wa Mai Rubuta Jarrabawa

Duk wanda ya bi ta Yelwa da yamma a watannin farko na shekara zai ga samari da 'yan mata rungume da littattafan tsofaffin tambayoyi, suna nufar wuraren darasin yamma. Abin da suke nema ba shi da nisa, domin ƙofar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana nan cikin unguwarsu, suna wuce ta safe da yamma. Amma tsakaninsu da ƙofar nan akwai kogi, wato Turanci. Ko injiniya yaro yake so ya zama, ko masanin aikin gona, sai ya sami kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, wato daga A1 zuwa C6. Wanda ya tashi da D7 ya ci, amma cin da ba ya kai mutum jami'a. Sakamakonsa shi ne zaman gida na wata shekara, iyaye kuma su sake neman kuɗin rajista.

A jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa huɗu ake rubutawa, Turanci ne kaɗai ya zama dole a kan kowa. Tun 2015 a kwamfuta ake yinta. Tambayoyi 180 ne cikin sa'a biyu, 60 daga ciki na Turanci, ke nan kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Babu lokacin dogon tunani. Abin da kunne ya saba da shi, shi hannu zai danna.

To, kunnen ɗan Yelwa da me ya saba? Yara da yawa a ikilisiyoyin wannan yanki Turanci harshensu na uku ne. A gida ana jin Zaar ko Jaranci ko Ngas ko Tangale, a titi da kasuwa da sujada kuwa Hausa ce, da ita kuma suke tunani. Saboda haka yawancin kurakuransu ba na rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Hausa ce tsantsa aka sa mata rigar Turanci, masu tsara tambayoyi kuwa sun san wannan sarai, shi ya sa suke jera amsar da ta yi wa kunne daɗi kusa da amsar gaskiya.

A duba kalmar aro. Bahaushe yana cewa "ara mini biro", yana kuma cewa "na ari biro", tushe ɗaya ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Turanci ya raba su: mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Don haka "borrow me your pen" kuskure ne komai yawan masu faɗinsa, daidai shi ne "lend me your pen". Haka kalmar ji, wadda ta fi kowace ɗaukar kaya. Da ita ake jin magana, a ji wari, a ji sanyi, a ji Hausa. Turanci kalmomi huɗu ya tanada: "hear", "smell", "feel", "understand". Wanda ya rubuta "I can hear the smell" ya ba hanci aikin kunne. Sha ma haka take, ruwa ne ake yi wa "drink", ƙwayar magani "take" ce.

Inda tarkon ya fi zurfi shi ne tambayar da ke ɗauke da korewa. Malami ya ce, "Ba ka gama ba?" Yaro ya amsa, "I, ban gama ba." A Hausa wannan amsa ba ta da aibi, domin "i" ɗin tana gaskata maganar mai tambaya ce. Turanci ba ya duban mai tambaya, aikin yake duba, an yi shi ko ba a yi ba. Idan aka ce "Haven't you finished?" wanda bai gama ba zai ce "No, I haven't", wanda ya gama ya ce "Yes, I have". Babu "Yes, I haven't" a Turanci ko kaɗan, amma sau da yawa ana ajiye ta cikin zaɓi, tana jiran mai fassara daga zuci. 'Yar'uwarta ita ce ƙaramar tambayar ƙarshen jimla. Hausa "ko?" ɗaya ta ishe ta a ko'ina, shi ya sa ɗalibai suka mai da "isn't it" maganin kowace cuta. Ƙa'idar ita ce a maimaita aikatau mai taimako da wakilin suna na jimlar, a juya ta: "She came yesterday, didn't she?" da kuma "They won't agree, will they?"

Akwai sunayen da ba sa karɓar jam'i. Hausa tana da shawarwari da labarai da kayayyaki, amma "advice", "information", "furniture", "luggage" da "equipment" ba a ƙara musu "s". Wannan haddacewa kawai yake bukata. Daidaiton suna da aikatau kuwa yana son lura: a "One of the boys is absent" maganar mutum ɗaya ake yi, a "The pastor, as well as the elders, is coming" kuma abin da ke tsakanin waƙafi biyu ba ya shiga lissafi.

Sashen furuci yana kayar da waɗanda suka iya nahawu ma. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", don haka "pull" da "full" sukan zama abu guda a baki. Tana kuma ƙin haɗa baƙaƙe biyu ba wasali a farkon kalma, yadda "brush" ya koma buroshi. Ga baƙaƙen da ake rubutawa ba a furtawa, kamar "b" a "debt" da "comb", ko "t" a "listen". Sai dai a batun nauyin gaɓa mai jin Hausa yana da gata bai sani ba. Kunnen da ke raba kukan yaro da kukar miya ta wurin karin sauti, ba zai kasa jin cewa "record" suna nauyinsa a gaɓar farko yake, aikatau kuma a ta biyu ba.

Karin maganar Turanci ba a fassara shi kalma kalma, kamar yadda Bature ba zai gane "ya ci amana" ta wurin neman abin da aka tauna ba. A nan yaron da ya tashi a makarantar Lahadi yana da jari, gama da yawa daga cikinsu daga Littafi Mai Tsarki suka shiga harshen, musamman ta fassarar Sarki Yakubu ta 1611. "Scapegoat" shi ne wanda aka ɗora wa laifin wasu, daga bunsurun Littafin Firistoci sura 16. "The writing on the wall" alama ce cewa faɗuwa ta yi kusa, daga bikin Belshazzar a Daniyel sura 5. Amma a yi hattara da "prodigal". Da yake an saba kiran yaron Luka sura 15 ɓataccen ɗa, ɗalibai sukan ɗauka ma'anarta ɓatacce ko wanda ya dawo gida. Ma'anarta almubazzari, mai watsa dukiya, kishiyarta kuwa "frugal" ko "thrifty". An sha asarar maki a kan wannan kalma ɗaya.

Kada wannan duka ya sa iyaye su hana yara Hausa a gida, kamar yadda wasu suke yi, har yaron ya tashi ba Hausa ba Turanci. Mutumin da jami'ar Yelwa ke ɗauke da sunansa malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi. Da Hausa ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, shi ne kuma ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabi da Turancin da har yau ake misali da shi. Ya san iyakar kowane harshe ne, bai bar ɗaya ya shiga gonar ɗaya ba. Masu neman aikin ɗan sanda ko na shige da fice su riƙe waɗannan shekaru, tare da 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi da 1996 da aka cire Gombe daga cikinta, domin irinsu ake tambaya a sashen sanin yau da kullum.

JAMB tana kuma sanya littafin labari guda da za a yi tambayoyi a kansa. A 2025 The Lekki Headmaster ne na Kabir Alabi Garba. Littafin yakan canja, sai ɗalibi ya tabbatar da na shekararsa lokacin rajista, ya kuma karanta shi da kansa, kada ya dogara ga taƙaitawar da ake yaɗawa a waya.

Ga aikin gida. A gyara jimlolin nan uku, a kuma faɗi kalmar Hausar da ta jawo kowane kuskure: "Please borrow me your notes, I am coming." "The nurse said I should drink two tablets, isn't it?" "Didn't you hear the cold last night? Yes, I didn't." A kowace jimla kuskure biyu ne. Amsoshin za su zo a fitowa ta gaba.