Aguwa, Shingen da Ba Ya Neman Ban Ruwa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na yau a kan aguwa yake. Kowa ya san ta. Muna ganinta a bakin burtali da iyakokin gonaki, tun daga ƙasar Adar har zuwa Damagaram. Amma da yawanmu mun raina ta, don ba ta ba da inuwa, kuma itacenta ba ya wutar kirki. Alhali tana da wani aiki babba.

Wahalar shingen ƙaya

Kowace shekara mai garka yana sarar rassan bagaruwa da magarya da aduwa don ya yi shinge. Kafin shekara ta kewayo, gara ta ci wani, an kwashe wani an hura wuta. Sai a koma daji a sake sara. Ga shi tun farin 1973 da na 1984 itatuwa da yawa suka mutu a dajinmu.

Inda babu shinge kuwa, bisashe kan shiga gona, gardama ta tashi. Ba mu manta da abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maradi, a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Iyakar da kowa ke gani da idonsa tana rage irin wannan fitina. Shingen aguwa sau ɗaya ake dasa shi, ya yi shekaru yana tsaye.

Halin aguwa

Aguwa tana ajiye ruwa cikin rassanta masu taushi. Da rani ya shigo sai ta zubar da ganye don kada ruwan ya ƙare. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu. Ba ta mutu ba, damana take jira. Tana son ƙasa mai rairayi, ba ta son fadamar da ruwa ke kwanciya. Bisashe ba su cika cin ta ba, saboda farin ruwan nan mai kama da nono da ke jikinta.

Lokacin dashe

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mun saba dasa itace bayan ruwa ya sauka. Aguwa ba haka take ba. Da bazara ake dasa ta, cikin Afrilu ko Mayu, ƙasa na busasshiya. Ruwan da ke cikin reshe ya ishe shi har damana ta faɗi. Ɗanyen reshen da aka sa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sau da yawa ruɓewa yake yi.

Yadda za mu dasa

1. Mu fara zama da maƙwabcin gona, a daidaita kan iyaka gaban mai gari. In bakin burtali ne, a kira makiyaya su ma.
2. Mu zaɓi rassa masu ƙwari daga tsohuwar aguwa, tsawon kamu ɗaya zuwa biyu, wato santimetir 50 zuwa 100. Kada mu aske uwar gaba ɗaya.
3. Mu shanya su a inuwa ƴan kwanaki, har bakin saran ya bushe.
4. Mu gina rami dogo bisa layin iyaka, zurfinsa kamar santimetir 25.
5. Mu jera rassan kusa da juna, gindi ƙasa, kai sama. Layi biyu ya fi ɗaya tsare awaki.
6. Mu maida ƙasa, mu tattake da kyau don kada iska ta kayar da su. Ba a zuba ruwa.

Kulawa

A shekarar farko shingen bai yi ƙarfi ba, saniya na iya ture shi. Mu bar tsohuwar ƙaya a gefensa. Bayan damana mu duba inda bai kama ba, mu cike giɓin da bazara mai zuwa. In ya wuce tsawon mutum mu rage kansa, rassan da muka sare su zama irin sabon shinge. Mu riƙa share gindinsa, don kada macizai da ɓeraye su samu maɓoya.

Kiyaye lahiya

Nonon aguwa yana da zafi a ido. Mai sara kada ya shafa fuska sai ya wanke hannu da sabulu. Kada a bar yara su yi wasa da rassan. In ya shiga ido, a wanke nan take da ruwa mai tsabta, mai yawa, kamar minti 15. Kada a murza, kada a ɗiga wani magani na gida. In zafin bai lafa ba, ko gani ya dushe, a tafi gidan likita ran nan.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Don me ba a dasa aguwa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa?
2. Itace nawa kuka sara bara don yin shinge?
3. Wane wuri ne a garinku ya fi bukatar shinge: garka, burtali ko makabarta?

Kowane aji ya zaɓi wuri ɗaya tun yanzu, a yi gayya a dasa shi kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damana mai albarka.